Kofi Biyu

Shekara ashirin da bakwai ina kwance bututu,
ina ɗaure bututu.
Daga Tudun Wada har Ƙofar Gayan
babu layin da bai san ƙarar sifanata ba.
In famfo ya yi tari, Isiyaku ake nema.
Yau ga ni, likita ya auna mini ruwa:
kofi biyu, daga asuba zuwa asuba.

Kofin silba ne, da lotsa a gindi.
Ni na lotsa shi.
Daren da muka dawo da takardar gwaji
na maka shi da bangon zaure,
na ce abin da ba a faɗa bayan sallar isha'i.
Lantana ba ta ce uffan ba.
Ta ɗauke shi, ta wanke,
ta ɗaura masa jan zare a hannu
don kada jikoki su sha da shi.

Litinin da Alhamis mutane na azumin nafila,
ni kuwa ranakun Shika ne.
Lawandi mai keke ya san ramukan Kwangila ɗaya bayan ɗaya,
yana kauce musu saboda hannuna na hagu.
A Samaru ɗalibai na gudun makara.
Ina kallon ƙafafunsu.
Da can ban san ƙafa abin kallo ba ce.

Awa huɗu a kwance.
Na'ura ta ari jinina, ta zaga da shi, ta maido,
kamar maƙwabci mai amana da ya ari tsani.
Na bi robobin da idon ma'aikaci,
gaɓa zuwa gaɓa, babu yoyo.
Na ce wa Sista Laraba,
wanda ya haɗa wannan ya san aikinsa.
Ta yi dariya har ta manta awon da take rubutawa.

Babur ya tafi.
Filin Dakace ya bi shi.
Miya ta rabu da gishiri, na rabu da kilishin Sabon Gari.
Malam Tanimu na Giwa, mai gadon kusa da taga,
da muke raba rediyo da gardamar farashin masara,
wata Alhamis na tarar da wani a gadonsa.
Ban tambaya ba.
Na karanta masa abin da ya sawwaƙa, fuskata a bango.

Masu dubiya na cewa, sai haƙuri, Malam.
Ina amsawa.
Amma na daɗe ban san inda ake ɗibarsa ba,
sai da na tuna garin da nake:
mutumin Zariya bai taɓa ba famfo umarni ba.
Bokiti yake ajiyewa a ƙarƙashi, ya buɗe kan, ya je ya kwanta.
Wani dare shiru.
Wani dare shiru.
Wani daren, wajen ƙarfe uku, sai ka ji ɗis.

Haka nawa ya zo, ɗis, ɗis,
bai cika bokiti ba har yau.
Akwai ranar da ƙishi ke cin maƙogwarona
har in tsani tulun ɗakin Lantana don sanyinsa.
Akwai ranar da nake alwala
in riƙe ruwan kurkure baki fiye da ƙima,
sannan in tofar, in ce Allah ka gani.

Jiya yaron Alhaji Barau ya zo da kan famfo mai zuba.
Daga kan tabarma na ce, ba nan ba, robar ciki ce,
juya hagu, a hankali, kada ka ci zaren.
Ya juya. Ya tsaya.
Na ji daɗin da ban ji ba tun bara.

Da yamma hadari ya taso ta bayan Kufena.
Indararo na ta ɓarin abin da ba nawa ba,
yara na tsalle a ciki tsirara.
Na ce Lantana, miƙo min kofin.
Saura maƙwarwa uku.
Na sha biyu ina kallon ruwan sama,
na rufe ɗaya da faifai
saboda maganin dare.