Fito a Yawuri

Wuta ta ɗauke tun bayan la'asar,
cajin kwamfuta saura kashi talatin.
Ga allona, bai kai tafin hannu ba,
kore shar, ƙafafunsa jere kamar haƙoran zarto.
FPGA sunansa. Direban Legas ya kawo min shi
a kwalin sabulu, ya ƙi karɓar ko sisi.

Ƙwaƙwalwa ce da ba ta san komai ba
sai abin da ka ɗura mata.
Na soka adafta a bakin USB,
siraran wayoyi huɗu, ban da ta ƙasa:
mai kai saƙo, mai dawo da amsa,
mai nuna hanya,
sai ta agogo, wadda kowa ke bin takunta.

Na aika. Shiru.
Na sake, jan rubutu ya cika fuskar kwamfuta.
Na fara lissafin kuɗina da ya shiga ruwa.

Kawu Maidamma ya shigo, filafili a kafaɗa,
ƙarnin kogi a rigarsa.
"Me ya raba ka da tuwo?"
Na ce saƙo ne, Kawu, dole ya iso kafin agogo ya buga,
ya kuma ɗan tsaya bayan bugun,
tazarar da ƙiftawar ido ta fi ta tsawo sau dubu dubu.

Ya yi dariya har da tari.
"Ashe kai ma fito kake yi.
Fasinja ya shiga kafin in ture gaɓa,
ya zauna daram har jirgi ya daidaita.
Wanda ya ɗaga ƙafa daidai lokacin turawa,
ɗaya a jirgi, ɗaya a tudu,
ba ya nan, ba ya can.
Ruwa ke karɓar irinsa."

Ya ɗaga wayoyin da ɗan yatsa.
"Igiyarka ta cika tsawo, yaro.
Doguwar igiya ba ta jin ja da wuri."

Na nemo reza, na datse su tsawo ɗaya.
Na rage gudun agogo
daga bugu miliyan shida zuwa miliyan guda,
na danna, ina riƙe da numfashi.

Ɗan fitila ya kawo.
Ya ɗauke.
Ya kawo.

Na juya in nuna wa Kawu,
na tarar ya miƙe a tabarma yana minshari.
Tuwo ya huce, caji saura kashi huɗu,
sauro na shagali a ƙaurina,
ni kuwa ina zaune cikin duhu, ina ƙirga ƙiftawar nan.