Muryar Tsakiya

Ta hagu lafiya lau.
Ta dama ma haka.
Biyun da ke bayan kujera suna zubo tafi da guɗa
ba ko gargada.
Ta tsakiya ce kaɗai,
wadda aka ɗora wa nauyin magana,
ta wayi gari tana kakari
kamar zanzaro ya faɗa gwangwanin madara.

Da fim ne kawai, da na haƙura.
Amma faifan bikin Mansura ne,
minti na arba'in da ɗaya,
inda Tukur ya karɓi makirfo ya ce, "To, jama'a,"
sai "jama'a" ta fito a yage,
duk inda ya ɗaga murya
ta kece kamar tsohuwar atamfa.

Asabar, Sheffield, ruwa tun asuba.
Na jawo kanta gaba, na durƙusa, gwiwa tana mita,
tocila a haƙora.
Ga ƙurar shekara uku,
ga murfin biro,
ga ɓarin goro da ya bushe ya koma tsakuwa,
ga wayoyi a cukurkuɗe kamar taliya,
kowace da ɗan salatif a wuya
da rubutunsa mai kwantawa gefe:
hagu, dama, tsakiya.
Na daɗe a kan "tsakiya".

Yakan ce gyara ba tsafi ba ne, shari'a ce,
sai an ji ta bakin kowa.
Na fara kashe wuta.
Na duba ko wani silin tagulla ya shiga gonar maƙwabcinsa.
Babu.
Na yanke bakin wayar, na fere, na murza, na ɗaure tamau.
"To, jama'a."
Har yanzu a yage.

Na rage ƙara; kukan ya ragu, bai tafi ba.
Na koma labarai,
mai hasashen yanayi ita ma ta dishe.
Faifai ya kuɓuta ke nan.
Saura biyu a gaban alƙali,
akwatin da lasifikar.

Sai na yi musu musayar ɗaki:
ta tsakiya ta koma mazaunin hagu,
ta hagu ta dawo tsakiya.
In ciwon ya zauna, na akwati ne.
In ya bi ta, nata ne.
Ya bi ta,
yadda tarin nan ya biyo shi daga asibiti har gida.

Na ɓalle ragar fuskarta.
Soson da ya kewaye bakinta ya ruɓe,
danshin garin nan ya ci shi a ɓoye.
Na taɓa da yatsa, ya marmashe
kamar busasshen ganyen kuka.

Yaron shago ya ce fam tamanin da biyar,
kuma ma an daina yin irinta.
Sadisu, jikana, daga Leeds ta waya:
"Kaka, shiga saiti, inda aka ambaci ta tsakiya,
ki ce masa babu."
Na ce, in faɗa wa inji babu?
Ni da ban gama faɗa wa kaina ba?

Na danna.
Na ɗauke ta, na naɗe a tawul, na tura ƙarƙashin gado.
Ta bar shatinta fes a cikin ƙura.

Minti na arba'in da ɗaya.
Ta hagu ta ɗauki rabi, ta dama ta ɗauki rabi,
suka haɗa a iska,
sai ga "To, jama'a" garau,
daidai tsakiya,
daga inda babu kowa.

Shayina ya huce a kan kafet.
Ruwa bai ɗauke ba.
Na mayar da faifan baya kaɗan.