Ranar da Na Kai Piroska Yawo

Wata bakwai ina Debrecen,
hanya ɗaya tal na sani:
ɗakina, tarago, zauren gawa,
inda muke haddar sunan kowace jijiya
da harshen da babu mai ciniki da shi a kasuwa.
Sanyi ya ci kunnena, ya tsaga leɓena,
rana takan gudu tun ƙarfe huɗu
kamar wadda ake bi bashi.

Uwar gidan da nake haya,
Piroska, shekara saba'in da huɗu,
harshenta ya ƙi ɗaukar Ɗantani,
ta gutsure shi, ta bar min Dani.
Na amsa. Mai cin miyar mutum kullum
ba ya jayayya a kan suna.

Da na faɗi jarrabawar ƙasusuwa
ban gaya wa kowa a waya ba.
Ita ta gane daga yadda na cire takalmi.
Ta turo min kwanon miyar wake,
ta zauna tana kallon bangon kicin
inda hoton wata gada ya koɗe:
baka tara, fara, a tsakiyar fili.

Na nuna da cokali: ina ne nan?
Ta ce Hortobágy. Nan kusa.
Dezső ya ce zai sake kai ni.
Ta ɗaga yatsu tana lissafi,
yatsun suka ƙare, shekarun ba su ƙare ba.

Asabar na sayi tikiti biyu
da kuɗin littafin da ban saya ba.

Dubi abin dariya:
baƙo raɓa, in ji mutanenmu,
yau raɓa ce ke jan ɗan gari.
Ni ne mai taswira, ni ne mai tambaya,
da guntun Hangariyancina mai ɗingishi,
ita tana rungume da jaka
mai ƙwai dafaffe shida da gishiri a takarda.

Filin ba shi da ƙarshe.
Babu dutse, babu tudu,
sama ta kife a kansa kamar ƙwarya.
Shanu masu launin toka, ƙaho kamar hannun mai addu'a,
suka dube ni, na dube su,
har na kusa gaishe su da Hausa.

Muka ƙirga bakan gadar tare,
ita da nata, ni da nawa:
ta ce kilenc, na ce tara,
ba mu yi gardama ba.
A baka na shida ta tsaya,
ta dafa dutsen da tafin hannu
kamar mai duba zazzaɓin yaro.
Ban ɗauki hoto ba a nan.

Can a kan turken lantarki
wani tsuntsu fari mai jan baki
ya tsaya da ƙafa ɗaya a sheƙarsa,
ɗan'uwan shamuwa ne, ko shakka babu.
Ta ce: waɗannan, in kaka ta yi,
wajenku suke tafiya.
Na ce: ba biza, ba layin ofishin jakadanci?
Ta yi dariya har ta nemi hankici.
Ta ce: amma suna dawowa, Dani,
sheƙar nan dai, turken nan dai.
Gida biyu gare su, kuma babu mai ce musu maciya amana.

A jirgin komawa ta yi barci,
kanta a kafaɗata, ƙwai ɗaya ya rage.
Na ji nauyin ƙashin kuncinta,
sai sunansa ya zo min da kansa,
sunan da ya ɓace min a gaban malami.
Na faɗe shi a hankali, sau uku,
don kada in tashe ta.