Allura Ɗaya Tak

Shekara tara tana nishi ƙarƙashin teburina,
kwamfutar da na saya da kuɗin riɗi,
a shagon kwano, bayan tashar Jahun.
In ka kunna ta, je ka yi alwala,
ka dawo ka same ta tana miƙa.
Malam Kallamu na tsaye da jarrabawar 'yan aji shida,
ya dubi agogo, ya dube ni,
ni kuma na dubi ƙasa.

Nazifi ya ce ta waya,
"Ƙwaƙwalwarta ce ta gaji.
Sauya furosesa, ka ga gudun barewa."
Na kai ɗan akuya kasuwa,
na bi motar asuba zuwa Kano,
na dawo da abin da bai fi kan sarki faɗi ba,
a naɗe cikin takarda, a aljihun gaba.
Hannuna na kansa har muka wuce Gaya.

Bayan isha'i na ja ƙofa,
fitilar waya a bakina,
sukurori a murfin kwalba.
Ciki akwai yanar gizo,
da ɓawon gyaɗa da ban san hanyar shigarsa ba.
Na cire fanka, na ɗaga sakata,
tsohon ya fito da busasshen mai a bayansa,
kamar kokon jiya a gindin kwano.
Ga allurai nan a soket,
sun jeru, sun miƙe, kamar shinkafar fadama.

Na ɗora sabon.
Ya ƙi zama.
Na juya shi gabas, na juya shi kudu,
ya ɗage kafaɗa ɗaya,
kamar baƙon da aka ba kujera mai ƙafa uku.
Babban yatsana ya ce, danna kawai.

Nan na ji tarin Baba daga maƙera,
shi da ya yi shekara shida a ƙasa.
Na gan shi da ruwan fartanya a hannu,
yana gwada shi da ƙota kafin ya hura wuta.
Bai taɓa bugun abin da bai auna ba.
"Ƙarfe ba ya jin komai," in ji shi,
"ƙotar ce ke tsagewa."
Na janye yatsa.

Da safe na hau tudun makaranta neman sabis.
Lambar da ke jikin madabod
dubu da ɗari da hamsin da shida.
Ta baƙon nawa, da biyar ta ƙare.
Allura ɗaya tak!
Ɗan akuya guda, da kuɗin mota zuwa da dawowa,
saboda allurar da ko tsumma ba ta ɗinkewa.

Nazifi ya yi dariya har da tari.
"Ai da ka ɗauko mini hotonta.
Ba a yi wa mutum hula ba a ga kansa ba."
Ya aiko wani ta hannun Ɗan'azumi direba,
na hannu ne, sa'an allon, ɗan gidansu.
Ya ce, "Ka fara sabunta bayos,
kuma kada wuta ta ɗauke."

Na jira rana ta take,
batirin sola ya ƙoshi,
na kashe firinta, na hana kowa caji.
Layin nan na tafiya a fuskar allo,
ni ina salati ciki-ciki.

Sannan na ɗora shi.
Ya zauna, ko motsi babu.
Na ɗiga mai kamar ƙwayar dawa,
na mayar da fanka, na danna.
Shiru.
Sai ƙit, ƙara ɗaya,
haske ya zo.

Ba barewa ba ce, kada in yi ƙarya.
Jaki ne da ya sha dusa,
yana tafe, ba ya tsayawa.
Malam Kallamu ya karɓi takardunsa da ɗumi,
bai ko cire takalmi ba.

Sukuru ɗaya ya ragu a murfin kwalba.
Har yau ban san gurbinsa ba.