Ƙarfe ko Tamfol

Babayo mai walda, a bayan tashar Dukku,
ya ture tabarau zuwa goshi, ya ƙwanƙwasa akwatin da yatsa.
Ya ce, ji yadda yake amsawa.
Ka danna kwaɗo, ka shiga masallaci hankali kwance.
Ruwa ya zuba kamar da bakin ƙwarya, kayanka ko ɗigo.
In ka gaji, ka sauke shi a gindin kuka,
ka zauna a kai ka ci kilishinka.
Na ɗaga ɗaya. Ba komai a ciki,
amma ya kai nauyin ɗan akuya.

Hamma Tukur mai ɗinkin tamfol
ko kai bai ɗaga daga keke ba.
Da zare a baki ya ce, ƙarfe ba ya yafiya.
Ran da yashi ya kwashe maka taya,
ka kai ƙafa ƙasa don ka tare,
ƙaurinka akwatin zai nema.
Je ka ga yadda Lamara ke hawa matakala yanzu.
Jaka kuwa tare za ku faɗi,
ta lotsa, ka karkaɗe ta, ku tashi.
Na ce, ɓarawo fa? Reza ɗaya ta ishe shi.
Ya ce, me kake da shi da ɓarawo zai so?
Wannan ta ɗan yi min zafi.

Da dare na baje kayan a tabarma:
famfon iska, sifana biyu, gidan sauro,
tocila, riguna uku, maganin olsa,
da rediyon Baba, wadda ba ta kama tasha
sai an karkata ta wajen gabas.
Dudu ta wuce da tsintsiya, ta tsallake su,
ta ce, Tula za ka fa, ba bangon duniya ba.

Kwana uku ina auna su a zuci.
Ɗaya na tsoron mutane ne,
ɗaya na tsoron ƙasa.
Na tuna mutane sun sha ba ni ruwa a hanya,
ƙasa kuwa sau biyu tana cin fatar gwiwata.
Na sayi jaka.

Bayan Kaltungo hanya ta fara miƙewa sama,
babur yana nishi, jakunkuna suna rungume da shi
kamar yaro a bayan yayarsa.
A kan dutse wata tsohuwa ta sayar min da zuma,
cike da kwalba, an toshe bakin da totuwar masara.
Na cusa ta tsakanin riguna.

A gangarowa na bar kwalta, don in ga rafi.
Yashin ya yi abin da aka ce zai yi.
Na ga sama, na ga ciyawa, na ji babur a kan ƙafata,
na jira zafin.
Bai zo ba.
Abin da na ji kawai, wani ɗan ƙas, can cikin jaka.

Daren nan na kwana a zaune a ƙasa,
babu akwatin zama,
ina kallon tururuwa suna layi
zuwa ga rigata ta Juma'a.

Na dawo Gombe ran Laraba.
Babayo ya shinshina jakar, ya yi dariya har da riƙe ciki.
Hamma Tukur ya ce in ɗage wando,
ya dubi ƙaurin nan lafiya lau, ya koma kan kekensa.
Kowa ya ce shi ya ci.

Dudu ta wanke rigunan sau huɗu,
har yanzu ƙudan zuma na bi na zuwa masallaci.
Rediyon kuwa, tun daga faɗuwar nan,
a tsaye take kama tasha.