Kafin Ka Hau Jirgin Dare

Tasi'u, cire farar shaddar nan.
Kujerar jirgi ta sha man gyaɗar mutum dubu.
Sa tsohon yadin da ya saba da jikinka,
wando mai zariya, aljihu daga ciki,
silifa a ƙafa saboda alwala,
takalmin kirki a jaka, jaka kuwa matashinka ce.

A tashar Kano za ka yi gumi,
ka ce kawu ya cika tsoro.
Bari ku wuce Zariya.
Sanyi ta taga yake shigowa, ba sallama,
sai ka lalubi bargon da na cusa maka.

Waya za ta mutu kafin Minna,
kada ka yi mata makoki.
Ɓare gyaɗa, miƙa wa na kusa;
haka na samu Ɗan'azumi mai goro,
shekara talatin muna gaisawa.
In hira ta ƙare, ja carbi,
ƙarar dogo za ta riƙe maka lissafi.

Ni tun daga gadar Jabba
nake fara kewar Fagge.
Tashi, mai adaidaita na jira a bakin lungu.