Saƙon Tsahara

Ranar Lahadi ne, kasuwar Tawa na tsakiyar ci,
ina kwance ƙarƙashin wata tsohuwar mota,
hannuna baƙi ƙirin da mai,
saƙon Tsahara ya shigo daga Kumasi.
Layi biyu da Hausa: ya gida, ya ciwon gwiwa.
Can ƙasa kalma uku da Ingilishi,
ta tsakiyar gajera kamar tari: mis.

Gambo, yaron garejina, ya yi wata shida a Legas,
ya leƙo ya ce, Baba, cewa ta yi ta rasa ka.
Na dafa ƙirji, na ji yana bugawa yadda ya saba.
A nan in an ce an rasa mutum,
tabarmi ake shimfiɗawa ƙofar gida kwana uku.

Da la'asar na tafi wurin Mushe Illa,
wanda ya shekara talatin da alli a lakwal.
Ya ɗauko ƙamus daga cikin leda,
gara ta riga mu karanta bangonsa.
Ya lashi yatsa, ya ce zauna, wannan kalmar
ɗaki guda ce, amma haya take bayarwa.

Maharbi ya saki kibiya, zabuwa ta tashi lafiya:
sunan abin da ya yi ke nan.
Ka iso tasha da gudu, kar ɗin Yamai ya tafi:
shi ma haka.
Budurwa in ba ta yi aure ba, da ita ake kiranta.
Haƙori ya fita a baki, akuya ba ta dawo da garke ba,
an kira ka a waya kana salla,
duk a nan suke kwana.
Ta ƙarshe kuma, ya ce, ita ce kewa.

Na ce, Mushe, mutanen nan talauci ne ya kama su?
Mu kuskure daban, makara daban,
rashi ba ya shiga rigar kewa,
bege ma yana da nasa zaure,
marmari kuwa na kilishi ne da danyen mangwaro.
Wa ke zuba gero da gishiri da kananzir a ƙwarya ɗaya?

Ya yi dariya har shayinsa ya zube.
Ya ce Faransanci ya fi haka juya magana:
can ba kai ke kewa ba,
wanda ya tafi ne ke yi maka giɓi.
Na ce to, wannan na gane,
na san injin da aka cire wa ƙusa guda.

Amma a hanyar gida na rage tafiya.
Ranar da ta tafi, wani direba ya tsare ni da birki,
na ce minti biyar.
Da na iso, sai bawon rake da sawun taya,
ƙullin kuɗin guzurinta yana aljihuna.
Uwarta kuma, shekara bakwai ke nan,
wannan rashi ne na gaske, mai tabarmi.
Da ina da baki ranar, da na faɗi abin da ya dace,
na auna, na saki, ya wuce gefe.
Ita kuwa har yau budurwa ce, tana karatun jinya.

Ashe masu hayar duk sun san juna.
Ashe a gidana suka taɓa zama.

Da dare na wanke hannu sau uku, man bai fita ba.
Na danna da babban yatsa, ina gogewa, ina sakewa.
Ban ari kalmarsu ba, ta yi mini yawa.
Na rubuta: ina kewarki.
Na ƙara: kuɗin nan suna nan, ban taɓa ba.